Rabin Ƙarfenka Yana Hanya, Isuhu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga taubashina, ɗan kawuna, Isuhu na Kawu Mamman, can ƙetaren iyaka a ƙasar Maraɗi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Ina gajiya? Yaya zafin bazara? Yaya Hadiza da yara? Yaya bisashe? Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Lambar wayarka da nake da ita ta daɗe da daina shiga. Shi ya sa na ajiye wannan takarda a nan inda jama'a ke karantawa. Cikin direbobi da 'yan kasuwar da ke bibiyata, ba za a rasa wanda zai kai maka ita har zaurenka ba. In ma mutane sun ji sirrinmu, su ji. Abin da na yi maka a bainar jama'a na yi shi.

Isuhu, albishirinka! Riƙe goronka, ba ni da haƙurin jira. Jiya bayan la'asar, a ƙofar gidan maigari, an soke dokar da ta tsayar da kai a bakin ƙofar garinmu. An soke ta, wallahi! Ni na kawo ta damina huɗu da suka wuce, ni kuma na miƙe jiya na ce a sauya ta, aka sauya. Tun da na dawo gida na kasa zama wuri ɗaya. Yau da safe na ƙona ƙarfe biyu a shago saboda hankalina ba ya kan walda, har masu jiran gyara suna tambayata ko haihuwa aka yi mini.

Bari in bi maka abin daki-daki, don ka san ba irin cika bakin nan nawa ba ne da ka saba yi mini dariya a kai.

Ka tuna geron Inna? Gwaggonka, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Da aka kawo ta aure daga garinku, cikin kayanta har da damin gero ɗan ƙarami daga gonar kakanmu. Gajere ne, bai kai kafaɗata ba, amma yana riga na kowa nuna. Na maƙwabta yana fid da kai, mu muna gasa tumu a bayan gida, baki duk baƙi. Da yake iska tana gauraya shi da geron mutane in ya shekara biyu a nan, duk bazara sai Kawu ya kawo sabon iri, ya koma da itacen rogon Batsari. Da ƙarfinsa ya ƙare, kai ka ɗauka.

Kuma ka san sharaɗin Inna. Ba ta taɓa yarda a aiko shi ba. Cewa take: "Irin gidanmu kada wanda ya ba direba. Mai shi ya kawo da hannunsa, in ga fuskarsa." A zaure ake miƙa shi, hannu da hannu, a shafa Fatiha, sannan a kawo fura. Ko bayan rasuwarta ba ka fasa ba.

Ina tuna zuwanka a kan wannan tsohon babur naka da ba ya tashi sai an tura. Tun daga bakin kasuwa za ka fara kwaɗa kira: "Ina bawana Lawal? Ubangidansa ya iso, a zo a sauke kaya!" Wai don kai ɗan namiji ne, ni ɗan mace. Ni kuma in fito in ce wane ubangida ne bawansa ke gyara masa salansa kyauta duk shekara. Inna ta yi ta dariya har ta riƙe ciki.

Kai shaida ne ban gaji komai ba. Daga aji uku na sakandare na fito, na fara da facin taya a tashar Batsari, ina kwana a kan benci. Yau ina da shagon walda da janareto biyu da a-kori-kura tawa ta kaina, kuma ba wanda zai ce shi ya ɗaga ni sai Allah. Mutumin da ya taso haka, in ya faɗi magana yana so ta zauna. Wannan halin ya kai ni inda nake. Shi ne kuma ya raba ni da kai.

Ba zan ɓoye dalilin ƙofar ba, don ba don wasa muka yi ta ba. A shekarar da ta'asar masu bindiga ta tsananta, hanyar Runka ta zama sai an yi alwala kafin a hau ta. An kore shanun gari. Wani mutum ya zo mana da sunan mai kayan koli, ya kwana uku, ya ci tuwo a gidajenmu, ya san wa ke da shanun huɗa, wa ya sayar da hatsi. Bayan mako biyu aka gan shi gaban masu bindiga yana nuna musu hanya. A ranar aka kashe ƙanen Malam Ƙasimu, malamin Islamiyyarmu, a cikin gonarsa, da fartanya a hannunsa. Ina cikin waɗanda suka ɗauko shi.

Sai muka haƙa rami muka kewaye gari, manya da yara. Ni na ƙera ƙofar, kwana goma sha ɗaya ina kanta, ban karɓi ko sisi ba. A taron da aka yi ranar da aka kafa ta, na miƙe na ce: daga yau baƙo ba ya shiga garin nan sai maigidan da ya zo wurinsa ya tako da ƙafarsa ya tsaya masa. Ba aike, ba wakili. Aka yi ta kabbara. Na koma gida ina jin kaina kamar wani gwamna.

Ban taɓa kawo ka a raina ba, Isuhu. Ni a wurina kai ba baƙo ba ne, to ta ina dokar baƙi za ta shafe ka?

Ranar da ka zo, na tafi Katsina sayen rodi da wayar walda. Boda a rufe take a lokacin, daga baya na ji ta hanyar daji ka biyo, tafiyar rabin yini ta zame maka kwana biyu. Ka iso da hantsi, damin gero ɗaure a bayan babur. Haruna Dogo, shugaban 'yan sintirinmu, ya san ka sarai, ya sha cin tumun nan. Amma doka ta ce maigida, maigida kuwa ba ya nan, kuma waya ba ta shiga yankinmu a lokacin.

Rabi matata ta ji labari, ta yafa mayafi ta fito har bakin ƙofa. Ta ce wannan ɗan kawun mijina ne, shekara ashirin ina dafa masa abinci. Dogo ya ce mata, Hajiya, ki yi haƙuri, mijinki da bakinsa ya ce ba wakili, in na buɗe yau gobe me zan ce da shi? Ban ga laifin Dogo ba. Abin da na ɗora masa ya riƙe.

Ka zauna gindin bishiyar bedin nan ta waje tun hantsi har la'asar. Rabi ta aiko da fura, ka sha. Aka ce ka bar geron a ba ni, ka ce Gwaggo ta hana. Da ka ga rana ta karkata, hanya kuma ba ta yamma ba ce, ka tura baburinka da kanka har ya tashi. Kafin ka wuce ka ce da Dogo: "Ku gaya wa Lawal ƙofarsa ta yi kyau."

Na iso bayan tafiyarka da abin da bai fi awa ɗaya ba. Har sawun tayarka na gani a ƙasa.

Abin da ya kamata in yi, in kwana in bi ka da safe. Ban yi ba. Sai na aika maka da saƙo ta bakin wani mai awaki cewa ka yi haƙuri, doka ce, ba ni ba ne. Ƙarya na yi, Isuhu. Ni ne. Kai ma ka sani, shi ya sa ba ka ba da amsa ba. Ni kuma na ce ai ba zan roƙi mutum a kan abin da na yi don tsare rayukan jama'a ba. A haka damina huɗu ta wuce.

Geron Inna ya ƙare a garin nan. Shekarar farko na shuka ragowar da ke rumbu, ya fito a gauraye. Shekara ta biyu gonar ta gagari zuwa lokacin girbi, tsuntsaye suka gama da shi. Yanzu na kasuwa nake shukawa. Yana yi, ba laifi, amma 'ya'yana ƙanana ba su san ana cin tumu kafin kowa ba.

To ka ji abin da ya juya ni. Watan jiya ina karin kumallo, rediyo a gefe, sai na ji ana cewa wasu manyan ƙasashe suna ƙara tsaurara shiga ga mutanen ƙasashe irin namu, wai don tsaro. Ni da nake da burin wata rana in je in ga inda ake ƙera injunan da nake aiki da su, in zaɓo da idona! Raina ya ɓaci. Na ture kofi na shiga faɗa ni kaɗai. Na ce ni Lawal ban taɓa ɗaukar allurar wani ba, da gumina na gina kaina, don me za a yi mana kuɗin goro da ɓarayi? Ba su san ni ba, ba su tambaye ni ba, sun rufe kawai!

Rabi tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce: "Su ma ƙofarsu ta yi kyau, Maigida."

Kai! Isuhu, da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na fita ban ƙarasa kokon ba.

Kwana uku ina juya maganar a shago. Gaskiya ban ga laifin mai gida ba in ya ce sai ya san wanda zai shigo masa. Wanda ya ɗauki gawar maƙwabcinsa daga gona ba zai ce a bar gari a buɗe ba, ni ma har gobe ba zan ce ba. Tun da muka sa ƙofar, ba wanda ya sake kwana a garin nan ba a san shi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma da na zauna na tuna fuskokin waɗanda aka mayar daga bakinta a shekarun nan, sai na ga tsofaffi masu zuwa gaisuwar mutuwa, da mata masu zuwa suna, da wani makiyayi daga Tsaskiya da ya kawo wa surukarsa nono, da kai. Masu bindiga ko sau ɗaya ba su zo sun yi sallama a ƙofata ba. Wanda yake tsayawa ya jira a buɗe masa, mai mutunta ƙofar ne. Shi kuma muka fi wahalarwa.

Haka na gani a boda lokacin da take rufe. Na goyi bayan rufewar a teburin mai shayi, har da ɗaga murya. Amma wanda ya sha wuyarta irinka ne, mai damin gero, da ya bar titi ya faɗa daji inda aka fi kashe mutane.

Ni ba mai dogon karatu ba ne, abin da na sani ƙarfe ne. To da ƙarfe na nemo mafita. Na samu falle mai faɗin tafin hannu, na buga masa alamar gidana, na yanka shi biyu, yanka mai karkace-karkace. Da hannu nake yankan, don haka ba guda biyu da za su zo iri ɗaya, ko ni ba zan iya maimaitawa ba. Ɓari ɗaya a rataye a ɗakin 'yan sintiri. Ɗayan a kai wa ɗan'uwan da ke nesa. In ya zo ya miƙa nasa, aka haɗa, baki ya kama baki, to na gida ne, ko maigida yana Makka. Da na haɗa na farko na ji ya ce ƙas, wallahi sai da na yi ihu a shago!

Na kai taro jiya ina taƙama. Na nuna, aka yi ta juya shi hannu zuwa hannu, ana ta mamaki. Sai Malam Ƙasimu ya yi gyaran murya. Ka san duk garin ba wanda ke da haƙƙin tsoron baƙo kamarsa. Ya ce: "Lawal, ƙarfenka ba shi da ido. In an tare mai shi a hanya an ƙwace fa?"

Ban shirya wa wannan ba, kuma gaskiya ya faɗa. Sai Allah ya tuna mini da Rabi tsaye a bakin ƙofa da mayafinta. Na ce to a haɗa da ido. Bayan ƙarfe, duk wani baligi na gidan, namiji ko mace, ya zo ya ga fuska, ya faɗi sunan baƙon da na ubansa.

Nan fa aka yi caa. Wasu suka ce yaushe mata za su riƙa tsaya wa baƙi a ƙofar gari. Na buɗe baki zan yi zafi, sai Malam ya ɗaga mini hannu. Shi da kansa ya ce musu, a cikinku wa ya kai matarsa sanin dangi? Ya ce rabinku in aka tambaye ku sunan jikan gwaggonku sai kun shiga gida kun tambayo. Aka fashe da dariya, har maigari sai da ya rufe baki da rawani. Daga nan magana ta faɗa, aka amince.

Malam ya ƙara sharaɗi biyu, na karɓa. Gidan da ya tsaya wa baƙo shi zai amsa in baƙon ya yi ɓarna. Kuma ƙofa tana rufuwa da magariba ga kowa, har maigari. Aka shafa Fatiha. Dogo ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce shekara huɗu ke nan ba ya son kallon gindin bedin nan.

Ban ce an gama gyara ba. Baƙon da ba shi da kowa a gari, ba shi da ƙarfe, har yanzu a waje zai jira sai an bincika. Wannan yana damuna, don ni ma na taɓa zama wanda ba shi da kowa a tashar Batsari. Abin da na iya, na yi alkawarin kafa rumfa da benci da randa a wurin, kuma na fara yankan ƙarafan. Sauran sai a hankali.

Yanzu gidaje goma sha tara sun rubuta suna suna jiran nasu. Amma na farko, wanda ya ce ƙas ɗin nan, naka ne. Rabinsa yana rataye a ƙusa ta farko a ɗakin Dogo, ni na rataya shi da hannuna. Ɗayan na naɗe shi a jan ƙyalle tare da goro, direbana zai kai shi ranar kasuwar Jibiya, ya damƙa wa mai awakin nan na garinku. Wanda ya kai maka ƙaryata, shi zai kai maka wannan.

Ka biyo titi, don Allah, boda a buɗe take yanzu. Ka nuna takardarka ga ma'aikata, kada ka sake shiga daji saboda ni. Ka fito da sassafe. In ka iso Batsari ka tambayi 'yan tasha halin da hanya take ciki kafin ka wuce. Kuma ko ina gari ko ba na nan, ka miƙa wa Dogo ƙarfenka, Rabi za ta fito ta faɗi sunanka da na Kawu. Ta ce tun jiya take maimaitawa, wai kada murna ta sa ta manta.

Amma ina nan. Na fasa zuwa ko'ina har sai an yi shuka.

Isuhu, ɗan'uwana, ka yafe mini. Ban iya faɗin wannan kalma ba, ka sani, ko Inna sai da ta sha fama da ni a kanta. Ga shi na faɗa gaban duk wanda ya karanta. Ba dokar kaɗai ce laifina ba. Shirun shekara huɗun ya fi ta muni.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas, jiya har mun ji ƙamshin ƙasa. Akwai fili a bayan gidana, ta cikin ramin da ya kewaye gari, inda ba mai hana ni girbi. Na zuba masa taki, na gyara shi tas. Kowa yana tambayata me zan sa a wurin, na ce mai irin yana hanya. Ko an yi ruwan shuka ba zan jefa ƙwaya ɗaya ta kasuwa a ciki ba. In ka zo, geron Inna ne. In ba ka zo ba, haka zai shekara, ciyawa ta ci. Itacen rogonka ma na sare, yana jingine a inuwa, na zaɓo maka masu kauri.

In kuwa zuciyarka ba ta sauka ba tukuna, ba zan ga laifinka ba. Sai dai ka sani, ranar kasuwar da ta biyo baya zan taho da kaina. Ba zan yi sallama ba. Zan samu gindin itace a ƙofar gidanka in zauna tun hantsi har la'asar, garinku duka su gani. Abin da nake roƙo kawai, ka bar Hadiza ta aiko mini da fura.

Allah ya jiƙan Inna da Kawu, ya haskaka kabarinsu. Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe mana a gonaki da hanyoyi. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, mu da ku, ya nuna mana ranar da zan kwance ƙofar nan da hannuna in ƙera garemani da ita. Allah ya tsare hanyarka, ya kawo ka lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.

In ka iso bakin kasuwa, ka kwaɗa kiran nan naka yadda ka saba. Wannan karon ba zan musa ba, zan fito in sauke kaya.

Wassalam.

Naka, bawanka na bana kaɗai,
Lawal Mai Walda